Yadda ake shirya waƙoƙin sujada har jama'a su rera da bakinsu

Idan kana so ka san ko waƙa tana da lafiya a cocinku, ka koma benci na ƙarshe wata Lahadi ka kasa kunne. In ka ji tsofaffi da yara, har da baƙon da ya shigo yau, duk suna rerawa, to aiki yana tafiya. In kuwa muryar mawaƙa kaɗai ke fitowa ta lasifika, jama'a suna tsaye sun zuba ido, akwai gyara, komai daɗin kiɗan. Na rubuta wannan bayani ne domin ɗan'uwa ko 'yar'uwa da aka ɗora wa nauyin zaɓen waƙoƙi da jagorantar su, ko a babbar ikilisiya mai ƙungiyar mawaƙa da kayan kiɗa, ko a ƙaramin taro inda murya da tafi kaɗai ake da su.

Dalilin da ya sa na fara da benci na ƙarshe yana cikin Littafi Mai Tsarki. A Afisawa 5:19 da Kolosiyawa 3:16 manzo Bulus ya ambaci zabura da waƙoƙin yabo da waƙoƙin ruhu, kuma a wuraren biyu da dukan masu bi yake magana. Ya ce su yi wa juna zance da waƙa, su koya wa juna, su gargaɗi juna. Ikilisiyar farko haka ta fahimci abin. Wajen shekara ta 112, Filini, gwamnan Roma a lardin Bitiniya, ya rubuta wa sarki Tarajan cewa Kiristoci sukan taru kafin gari ya waye a wata rana tsayayya, suna rera wa Almasihu waƙa, wasu na bayarwa wasu na amsawa. Mutumin da ba mai bi ba ne, da ya bincika, abin da ya samu ke nan: taro mai waƙa.

Ka fara daga nassi

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, haka ma Lahadi. Kafin tsakiyar mako ka nemi mai wa'azi, ka tambaye shi abu biyu: wane nassi zai karanta, kuma wace magana ɗaya yake so mutane su tafi gida da ita. Kada ka gamsu da kan magana kawai, irin "bangaskiya" ko "ƙauna", domin waƙa ɗari za ta shiga ƙarƙashin waɗannan. Ka karɓi sura da aya, ka zauna ka karanta su da kanka sau biyu ko uku, ka yi addu'a a kansu. Wa'azi a kan ɗa mubazzari a Luka 15 zai iya karkata ga tuban ɗan, ko ga jinƙan uban, ko ga taurin zuciyar wan, kuma kowanne da irin waƙar da za ta dace da shi.

Sai ka duba lokacin shekara. Ikilisiyoyin da ke bin kalandar coci suna da Lahadi huɗu na jiran zuwan Almasihu kafin Kirsimeti, da kwana 40 na azumi kafin Ista, da ranar hawan Yesu sama kwana 40 bayan tashinsa, da Fentikos a rana ta 50. Ko cocinku ba ya bin wannan tsari dalla-dalla, ka tambaya ko akwai baftisma, ko Jibin Ubangiji, ko wani rashi da aka yi a cikin makon. Ikilisiyar da ta binne ɗanta ranar Alhamis ba za ka buɗe mata sujada da tsalle ba.

Kowace waƙa da gurbinta

Yanzu ka ɗauki takarda ka rubuta jerin sujadar daga farko zuwa ƙarshe, ka bar fili a duk inda waƙa za ta shiga. A gaban kowane fili ka rubuta aikin da waƙar za ta yi a wurin. Waƙar buɗewa aikinta ta tattaro hankalin mutanen da suka fito daga gidaje dabam-dabam, wani da farin ciki, wani da damuwa, ta juya su ga Allah. Don haka ta zama wadda kowa ya sani, mai magana a kan Allah kansa, girmansa da alherinsa. Ba a nan ake gwada sabuwar waƙa ba. Waƙar da ke gaban addu'ar tuba takan zama mai natsuwa. Wadda ke gaban wa'azi gajeriya ce, roƙo ne Ruhu Mai Tsarki ya buɗe kunne. Wadda ke bayan wa'azi ita ce za ka fi ɓata wa lokaci wajen zaɓe, domin da ita jama'a za su mayar wa Allah amsar abin da suka ji. Ta rufewa kuma ta sallami mutane da ƙarfin gwiwa.

Ka lissafa lokaci. Waƙa mai baiti huɗu da amshi takan ci minti uku zuwa huɗu. In minti 20 aka ba ka gaba ɗaya, waƙa biyar ce ko shida. Gara a rera biyar cikakku da a tsinci baitin farko na waƙa goma. Yawancin tsofaffin waƙoƙin yabo labari suke bayarwa daga baiti zuwa baiti, wasu kuma Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki suke bi ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yanke baiti na uku ba tare da ya karanta ba yana iya yanke ainihin maganar. In dole ne a rage, ka karanta duka tukuna, ka ga wanne za a cire ma'ana ba ta karye ba.

Ka karanta kalmomin ba tare da karin ba

Wannan mataki shi aka fi tsallakewa. Ka ɗauki kowace waƙa da ka zaɓa ka karanta ta da ƙarfi kamar wasiƙa, babu rerawa. Kari mai daɗi yakan rufe magana mara tushe, amma karatu ba ya rufe komai. Ka tambayi kanka ko abin da take faɗi gaskiya ne bisa ga Littafi Mai Tsarki, kuma ko za ka iya nuna ayar da ta tsaya a kai. Ka duba ko tana yi wa mutane alkawarin da Allah bai yi ba, misali cewa mai bi ba zai taɓa ganin wahala ba. Ka duba ko da wa take magana. In za a iya cire sunan Yesu a sa na wani masoyi, waƙar ta zauna daidai, to ba ta ce komai game da shi ba. Sannan ka tambaya ko yaro ɗan shekara 12 zai gane ta. A 1 Korantiyawa 14:15 Bulus ya ce zai rera da ruhunsa, zai kuma rera da hankalinsa. In akwai tsohuwar kalma da ta ɓace daga bakin mutane, ba laifi ka bayyana ta a jimla ɗaya kafin a fara.

Ina ɗaukar wannan da nauyi domin mutane sukan manta wa'azi kafin mako ya zagayo, amma waƙar da suka rera shekara 20 tana nan a bakinsu har kan gadon asibiti. Wanda ke zaɓen waƙa malami ne, ko ya sani ko bai sani ba.

Zabura: yadda za ka mayar da ita bakin jama'a

A nan zan daɗe, domin a coci da yawa Zabura ta koma abin karantawa kawai, alhali littafin waƙa ce. Waƙoƙi 150 ne, an kasa su kashi biyar: 1 zuwa 41, 42 zuwa 72, 73 zuwa 89, 90 zuwa 106, sai 107 zuwa 150, kowane kashi yana rufewa da yabo. Guda 73 suna ɗauke da sunan Dawuda, 12 na Asaf, wasu na 'ya'yan Kora, ta 90 kuma addu'ar Musa ce. Da yawa suna da umarni a kansu zuwa ga shugaban mawaƙa, har da irin kayan kiɗan da za a bi da su. A daren da aka ba da Yesu, Matiyu 26:30 ya ce shi da almajiransa sun yi waƙa kafin su fita zuwa Dutsen Zaitun, kuma Zabura 113 zuwa 118 su ne Yahudawa suka saba rerawa a Idin Ƙetarewa. A kan gicciye ma farkon Zabura 22 ne ya fito daga bakinsa. A ƙarni na 6, dokar da Benedik, wani shugaban sufayen Kirista a Italiya, ya rubuta wa sufayensa ta ce a gama Zabura duka 150 kowane mako. Mu ba a ce mu kai haka ba, amma zabura ɗaya kowace Lahadi ba ta fi ƙarfin kowace ikilisiya ba.

Abin da Zabura ke da shi wanda sababbin waƙoƙi da yawa suka rasa shi ne kuka. Wajen kashi ɗaya cikin uku na littafin makoki ne da ƙorafi a gaban Allah. Zabura 13 ta buɗe da tambayar har yaushe, sau huɗu. Zabura 88 ta ƙare cikin duhu, babu ko kalmar ta'aziyya a ayarta ta ƙarshe. A kowane taron Lahadi akwai gwauruwa, akwai wanda aka sallama daga aiki, akwai wadda take ɗauke da sakamakon asibiti a jaka. In waƙoƙinmu duka na murna ne, mun bar waɗannan ba su da abin faɗa wa Allah.

Wajen zaɓe, ga waɗanda ikilisiya ta daɗe tana jingina da lokuta: 95, 100 da 122 don buɗe sujada, 51, 32 da 130 don tuba, 24 a lokacin jiran zuwan Almasihu, 96 da 98 a Kirsimeti, 22 ranar tuna mutuwar Ubangiji, 118 a Ista, 47 ranar hawansa sama, 104 a Fentikos. A Jibin Ubangiji 34, 103 ko 116 suna dacewa, a ɗaurin aure 127 da 128, a jana'iza 23, 90 ko 121. Ka kula da abu ɗaya: tsofaffin fassarorin Girkanci da Latin suna da lissafi dabam, inda yawancin zabura suke baya da lamba ɗaya. In kana aiki da wani tsohon littafin addu'a, ka duba kalmomin farko ka tabbatar zaburar da kake nufi ce.

Hanya mafi sauƙi ta rera zabura ita ce bayarwa da amshi. Ka fara da Zabura 136, domin ita da kanta ta zo a shirye: ayoyi 26, kowace tana ƙarewa da amshi ɗaya, cewa ƙaunar Ubangiji madawwamiya ce. Ka sa wa amshin ɗan gajeren kari wanda mutum zai kama a ji biyu. Mai bayarwa ya rera rabin aya na farko a kan murya ɗaya ko biyu, kusan kamar magana mai tsawo, ya ɗan sauko a ƙarshe don jama'a su san lokacinsu ya yi, su kuma su amsa. Ba a bukatar littafi a hannun kowa, wanda bai iya karatu ba ma yana ciki tun daga aya ta biyu. Wasu zabura ma suna da amshinsu a ciki: 46 a aya 7 da 11, 80 a aya 3, 7 da 19, 107 a aya 8, 15, 21 da 31, sai 42 da 43 waɗanda suke da amshi guda sau uku. Wadda ba ta da shi, ka zaɓi layi ɗaya daga cikinta wanda ya ɗauki zuciyar maganar, ka mai da shi amshi, a maimaita bayan kowace aya biyu ko uku. A Zabura 23 layin farko ya wadatar.

Hanya ta biyu ita ce a raba jama'a gida biyu, dama da hagu, ko maza da mata. Waƙar Ibraniyawa an gina ta ne a kan maimaita ma'ana: rabin aya ya faɗi magana, rabi na biyu ya sake faɗinta da wasu kalmomi, ko ya ƙara mata, ko ya kawo kishiyarta. Saboda haka gefe ɗaya ya ɗauki rabin farko, ɗayan ya amsa da na biyu, a kan kari guda mai sauƙi. Zabura 24 daga aya 7 tambaya ce da amsa game da Sarkin ɗaukaka, kamar don wannan aka rubuta ta.

Hanya ta uku ta fi wuya, amma ta fi daɗewa a baki: a sake tsara kalmomin zaburar su zama baitoci masu ƙidayayyun gaɓoɓi, yadda za su hau karin waƙar yabo. Wannan shi ne aikin da aka kammala a birnin Janiba, a ƙasar Suwizalan ta yau, a 1562, inda aka fitar da Zabura duka 150 cikin baitocin Faransanci don jama'a su rera. In ka duba littattafan waƙoƙi da yawa za ka ga lambobi a saman waƙa, irin 8.6.8.6 ko 8.8.8.8 ko 8.7.8.7. Yawan gaɓoɓin kowane layi ne. Waƙoƙi biyu masu lamba ɗaya galibi za su iya musayar kari, don haka za ka iya ɗora sabuwar zabura a kan karin da jama'a suka riga suka sani. Ga misali daga farkon Zabura 121, gaɓa takwas-takwas:

Na ɗaga ido ga tuddai,
Ina zan sami taimako?
Ubangiji zai taimaka,
Shi ya yi sama da ƙasa.

Ka ƙirga da yatsu, kowane layi takwas. Amma ƙirga kaɗai ba ta isa ba, domin Hausa tana da gaɓa mai nauyi da mara nauyi, tana kuma da hawa da saukar murya masu bambanta ma'ana. In kari ya ja gaɓar da a magana gajeriya ce, kunnen mai ji zai yi tuntuɓe, wani lokaci ma wata kalma dabam zai ji. Wannan ce matsalar waƙoƙi da yawa da aka fassaro aka cusa cikin karin da aka yi wa wani harshe. Maganinta, ka faɗi layin da bakinka kamar kana zance, ka saurari inda murya ta hau da inda ta ja, sannan ka rera shi a kan karin. Inda suka yi karo, ka sauya kalma ko ka sauya jerin kalmomi. In kai ne mai ƙirƙiro karin, ka bar maganar ta ja shi. Bayan ka gama, ka ajiye baitinka kusa da nassin ka gwada aya da aya, kada ka ƙara wa Dawuda abin da bai faɗa ba don neman amsa-amo, ka kuma kai wa fasto ya duba kafin ya shiga bakin jama'a.

Akwai zabura masu zafin la'ana a kan maƙiya, irin 58 da 109 da ƙarshen 137. Ra'ayina shi ne kada a jefa su cikin sujada haka kawai ba bayani. A bar su sai ranar da mai wa'azi zai yi koyarwa a kansu. Kalmar "Sela" kuma, wadda ta bayyana sau 71 a cikin Zabura, ba a rera ta. Mutane da yawa sukan ɗauke ta a matsayin wurin ɗan dakatawa. Ban da Zabura, kada ka manta da waƙar Maryamu da ta Zakariya a Luka 1, da ta Siman a Luka 2, dukansu suna hawa hanyar bayarwa da amshi ba wuya.

Tsayin murya da saurin waƙa

Mawaƙin da ya ƙware yakan ɗauki waƙa inda muryarsa ta fi daɗi, jama'a kuwa su kasa kaiwa su yi shiru. Yawancin mutane suna sakewa ne tsakanin C na tsakiyar piyano da D da ke bin C na gaba da shi, wato murya tara. Ka nemo wuri mafi tsayi a cikin waƙar, ka tabbatar bai wuce nan ba, in ya wuce ka sauko da waƙar duka. Da sassafe murya ba ta gama buɗewa ba, ka ƙara saukowa kaɗan. In babu kayan kiɗa, ka rera wurin mafi tsayin a zuciyarka tukuna, daga nan ka gangaro ka samo inda za ka fara.

Sauri kuma numfashi ne ma'auninsa. Layi ɗaya ya shiga numfashi ɗaya na dattijo. In mutane suna yanke numfashi a tsakiyar kalma, an ja waƙar da yawa. In kalmomi suna haɗiyewa, an yi gudu. Cikin shawarwarin da Jon Wesli, wani mai wa'azi ɗan Ingila, ya buga wa masu waƙa a 1761 akwai cewa kowa ya rera, a rera da ƙarfin zuciya, kada wani ya ɗaga murya don a ji shi sama da sauran, kuma a tafi tare, ba mai gaba ba mai baya. Har yau ban ga abin da zan cire daga ciki ba.

Koyar da sabuwar waƙa

Sabuwa ɗaya a wata ta isa. Ka fara koya wa mawaƙa har su iya ta ba takarda. Lahadi ta farko su rera ta su kaɗai, jama'a su saurara, wataƙila lokacin baiko. Lahadi ta biyu ka ɗauki minti biyar kafin a buɗe sujada, ka faɗi nassin da waƙar ta fito daga ciki, ka rera layi ɗaya su maimaita, ka fara da amshi kafin baiti, kuma da murya zalla, domin kunne ya fi kama kari in babu kiɗa a kansa. Ka sa ta a sujada mako uku a jere, ka huta da ita mako ɗaya ko biyu, ka dawo da ita. In bayan wannan duka jama'a ba su ɗauka ba, ka ajiye ta ba tare da jin haushi ba.

Kada ka raina yara a wannan aiki. A 1537, lokacin da Jon Kalbin, ɗaya daga cikin jagororin gyaran ikilisiya, da abokan aikinsa suke neman mutanen Janiba su fara rera zabura, shawarar da suka kai wa hukumar birnin ita ce a koya wa yara tukuna, su rera da murya sarai, manya su saurara har su saba. Dabarar tana aiki har gobe. Waƙar da aka koya a makarantar Lahadi takan shiga gida, uwa ta ji ta mako guda kafin ta zo coci.

In waƙar ta wani mawaƙi ce mai rai, ka nemi izini kafin ka buga ta a takarda ko ka sa ta a intanet, ka kuma rubuta sunansa.

Gwaji da mawaƙa

1 Tarihi 25:7 ya lissafa mawaƙa 288 horarru a zamanin Dawuda, 1 Tarihi 15:22 kuma ya ce an sa Kenaniya kan waƙa domin ya gwanance. Ƙwarewa ba girman kai ba ce, hidima ce. Ku buɗe gwaji da addu'a da karanta nassin Lahadi, don mawaƙa su san abin da suke yi wa hidima. Ku fara da waƙoƙin jama'a kafin waƙar da ƙungiya za ta rera ita kaɗai, domin in aka bar su ƙarshe lokaci yakan ƙare a kansu. Ku gwada mashiga: wa zai ba da murya, kiɗa nawa kafin a fara, yaya za a wuce daga baiti zuwa baiti, ina za a tsaya. Yawancin tuntuɓen ranar Lahadi a waɗannan gaɓoɓi yake faruwa. Masu ganga da jita da piyano su san cewa aikinsu su tallafi murya. Ka aika mutum ɗaya ya tsaya a bayan ɗaki lokacin gwada na'ura. In ba ya jin muryar kansa idan ya rera, a rage ƙarar. Wanda ke kula da allon majigi shi ma ya zo gwaji, ya gyara kurakuran rubutu, ya saba sauya shafi kafin a kai kalmar ƙarshe.

Ranar Lahadi

Ka iso da wuri. Ka sanar da lambar waƙa sau biyu a sarari, ka jira ƙarar buɗe littattafai ta lafa. Ka taƙaita magana tsakanin waƙoƙi, jimla ɗaya ko aya ɗaya ta isa, wa'azi yana da mai shi. Ka ja numfashi a fili yadda jama'a za su gani, da shi za su san lokacin shiga. Da zarar sun kama, ka ɗan ja baya daga makirufo ka bar su su ɗauka. A baiti ɗaya, wataƙila na uku, ka yi wa makaɗa alama su tsaya gaba ɗaya, ikilisiya ta ji muryar kanta. In ka ɗauki waƙa a sama da yawa, ko kiɗa da murya suka saɓa, ka tsaya cikin natsuwa a sake ɗauka. Ya fi a ja baiti huɗu cikin wahala. In wuta ta ɗauke, kada ka tsaya, ka ci gaba da murya. Bulus da Sila da tsakar dare suka yi waƙa a kurkukun Filibi, ƙafafunsu a turu, sauran 'yan kurkuku suna saurare.

Bayan an tashi, ka buɗe littafin da ka keɓe don wannan aiki, ka rubuta kwanan wata, da waƙoƙin da aka rera, da muryar da aka ɗauke su, da kalma ɗaya ko biyu kan yadda jama'a suka amsa. Duk bayan wata uku ka zauna da fasto ku duba shi. Za ku ga waƙar da aka maimaita har ta gaji, da tsohuwar da dattawa suke ƙauna aka yi watanni ba a taɓa ba, da zaburar da ba ta taɓa shiga bakinku ba. Ku duba kuma ko akwai koyarwar da ba ku da waƙarta ko ɗaya, misali tashin matattu, ko baftisma, ko komowar Almasihu, ko gafarta wa juna. Daga wannan giɓi za ka zaɓi sabuwar waƙar wata mai zuwa.